Bahagon Agadas

Jita na je saya Riyad. Duk wanda na faɗa wa haka sai ya yi dariya, don mutane kan je Saudiyya ne neman kuɗin gini ko na aure, ko su sauke farali. Ni kuwa jitar lantarki ta bahago ce ta kai ni.

Mu huɗu ne a ƙungiyarmu a Damagaram, muna kiranta Tartsatsi. Kiɗan jita mai ƙara muke yi, irin wanda Turawa ke ce wa rok, sai dai da Hausa muke waƙa. Laminu ne mawaƙinmu, abokina tun muna yawo ba takalmi. Yana ɗan taɓa jita da damansa, amma murya ce sana'arsa. Jita tawa ce, ni Haruna, kuma ni bahago ne. A kan jitar aro na koya, mai ita ya hana a sauya mata tsirkiya, don haka sai in kifa ta in riƙe ta a juye, siraran tsirkiyoyi a sama, masu kauri a ƙasa. Ko da muka saye ta daga baya, hannuna ya riga ya zauna a haka. Matsalar ita ce maɓallan ƙara sauti, waɗanda ya kamata su kasance can ƙasa, sai su dawo daidai inda sangalin hannuna yake gogawa. Har yau tabon yana nan.

Daga wannan riƙon na juye na fitar da kiɗan da muke kira "Amalanke". Mahaifina ɗan amalanke ne, kuma ƙafar amalankensa guda tana da wani kuka da duk unguwarmu ta sani. Tun daga bakin kasuwa za ka ji ka ce ga Baba nan tafe. Wannan kukan na kwaikwaya da babban yatsa a kan siririyar tsirkiya. Makaɗa da yawa sun gwada sun kasa, ni kuma ina jin daɗin kasawarsu. Da na ce zan tafi in sayo jitar da aka ƙera don irina, Laminu cewa ya yi, "Je ka dawo. Wurinka na nan." Wannan maganar na riƙe, ita na dinga ci ina sha a Riyad.

Zangona na farko kasuwar Aziziya ce. Dillalin da ya yi mini hanya, ɗan garinmu ne ma, ya ce aikin direba zan yi a gidan wani attajiri. Ina sauka kafilina, Balaraben da na shigo ƙasar da sunansa, ya karɓi fasfo ya ce zai adana mini, aka jefa ni bayan motar kaya, ban tsaya ko'ina ba sai tsakiyar kwandunan tumatir da buhunan albasa. Aka miƙo mini baro. Da na samu waya na kira dillalin ina faɗa, sai ya ce, "To Haruna, baron ba tuƙa shi ake yi ba?" Ya kashe wayarsa. Na tsaya da baro a rana, wani Balarabe yana ta daka mini tsawa, "Ya sadik, yalla, yalla!" A garin nan duk baƙo sunansa sadik, wai aboki, amma ban ga wanda aka yi wa riƙon aboki ba.

A unguwar Batha na samu makwanci, ɗaki guda mu da yawa. Babbanmu Alhaji Sule, tela ne Bakano, ya daɗe a Riyad har gemunsa ya yi fari a can. Yana jin daga inda na fito ya tafa hannu.

"Alhamdu lillahi, an kawo mini bawa. Badamagare, ɗauko mini buta."

Na ce, "Alhaji, Bakano ko a Saudiyya sai ya nemi na banza."

Shi ke nan muka ƙulla. Shi ya ba ni shimfiɗa kusa da na'urar sanyi, shi ya dinga ba ni man kaɗanya in shafa a kafaɗu. Da ya ga kullum ina danna yatsuna a bakin gado, ya tambaye ni ko aljanu gare ni. Na nuna masa kantar da ke kan yatsun damana, na ce ita ce jarin makaɗi, in ta tafi sai an sake daga farko. Washegari ya zo mini da guntun katako ya ɗaure waya a jiki tamau. Ya ce, "Ga jitar Damagarawa, daidai ku."

Riyad ta lokacin gari ne da ba ka jin kiɗa a titi. In an kira salla shaguna su rufe, 'yan hai'a, wato hisbarsu, suna zagayawa a mota suna kora mutane masallaci. Ba sallar ce ta dame ni ba, ina yin abata. Shirun ne. Mutumin da ya tashi a garin da ko mai shayi rediyonsa a kunne yake, ya zo inda ba ka jin komai sai hon da ƙugin na'urar sanyi, dole kewa ta kama shi. Nakan tura baro ina saurara ko ƙafarsa za ta yi kuka. Man da suke zuba wa barorinsu ya yi yawa, ko ƙis.

Daga Aziziya kafilina ya ba da ni haya ga masu wankin mota a unguwar Ulaya, ƙarƙashin dogayen benayen nan na gilashi. Kowa ya ce na ci gaba, tunda akwai inuwa. Amma wuni guda hannuna cikin ruwa da sabulu yake. Ban ankara ba kantar yatsuna ta yi laushi, ta fara ɓarewa kamar bawon albasa. Ta tashi daga kan yatsu ta koma tafin hannu, inda ba ta da amfani ga kowa. In na dawo ɗaki a gajiye, sai in kalli katakon Alhaji in ce gobe.

A Ulayar nan na gano wani shagon kayan kiɗa. Yana hawa na biyu a wani lungu, an lulluɓe gilashinsa da takarda, ba ko alama a ƙofa. Mai tsaronsa wani ɗan Filifin ne, Rudi. Na shiga da kayan aikina a jiƙe, ina tsammanin kora. Da ya ga yadda na ɗauki jita na kifa ta, sai ya ɗaga mini hannu, ya shiga ciki, ya fito da wata ja, duk ƙura. Ta bahago ce. Ya ce tun zuwansa take rataye, ba mai so. Na ɗora ta a cinya, sangalina ya sauka a kan katako sumul, ba maɓallin da ya taɓa ni. Ban san na yi ƙwalla ba sai da ya miƙo mini tishu.

Rudi ya ajiye mini ita ba tare da na ba shi komai ba. Ran Juma'a da yamma yakan bar ni in taɓa ta, ba jona lantarki. Da na ce ya juya mini tsirkiyoyin, siraran su koma sama, ya yi ta kaɗa kai yana cewa, "Majnun, inta majnun," wato mahaukaci, amma ya yi. Ranar da ta zama tawa, a cikin bargo na kai ta Batha na tura ƙarƙashin gado. Alhaji Sule ya leƙa ya ce, "Allah ya sa alheri. Amarya ta tare, ango ba fasfo."

Gaskiya ya faɗa. A ƙasar nan ba ka fita sai kafilinka ya sa hannu. Duk sanda na yi masa maganar tafiya sai ya ce, "Bukra, in sha Allahu," gobe kenan, goben da ba ta wayewa. Ana cikin haka Laminu ya kira ni. Ya ce wani mai ɗakin ɗaukar waƙa a Yamai ya ji su a wurin biki, yana so su je.

Na ce, "Ku jira ni. Jita tana hannuna."

Ya ce, "Muna jira, Haruna. Amma yaushe?"

Da muka ajiye waya na lallashi kaina da cewa su je su ɗauki duk waƙar da suke so. "Amalanke" dai sai ni.

Zangona na uku shi ne tuƙin da aka yi mini alkawari tun farko. Kafilina ya miƙa ni gidan yayansa. Ranar farko na miƙa wa dattijon gidan makulli da hagu, ya ƙi karɓa, ya yi ta nuna damana yana faɗa. Ban yi mamaki ba, a gida ma an sha buge mini hannun nan a bakin akushi. Jita kaɗai ce ba ta taɓa tambayata da wane hannu na zo ba.

Aikina in kai babban ɗan gidan, Mansur, ofis a Ulaya. Magidanci ne, ya yi karatu a waje, ba shi da wulaƙanci. Yana son kiɗan jita. Da mun bar unguwa sai ya sa in ɗaga gilasai ya kunna. Wata safiya muna cikin cunkoso ya ce, "Ya Harun, isma', saurara. Wannan daga ƙasarku ne. Sabuwa ce, kowa ita yake ji."

Sai amalanken Baba ya yi kuka a cikin motar Larabawa.

Saura kaɗan in hau motar gabana. Ganga ta shigo, sannan muryar Laminu, tas, kamar yana zaune a kujerar baya. An gyara sautin ya yi kauri, ya cika motar. Kiɗana ne, ba a rage masa komai ba.

Mansur ya ce, "Ka san su?"

Na ce, "Kiɗana ne. Ni na yi shi."

Na naɗe hannun riga na nuna masa tabo. Ya kalli tabon, ya kalle ni da hular direba, ya ce, "Ma sha Allah," irin yadda ake ce wa yaro in ya zo da labarin ya ga zaki a bayan gida. Ya ƙara sauti. Da zagina ya yi da ya fi mini sauƙi.

Kafin wata ya ƙare waƙar ta cika Batha. Yaran Maraɗi masu aikin gini suna tura wa juna a waya. A layin aika kuɗi gida, wayar wani ta yi ƙara, "Amalanke". Wanzamin da ke mana aski, Basudane ne, bai san ko kalma ɗaya ba, amma yana bi da fito. Aka ce gidajen rediyon waje sun saka ta, aka ce Tartsatsi za su hau jirgi. Garin da na yi ta kukan ba kiɗa, yanzu ya ishe ni da kiɗa guda, kuma nawa ne, kuma ba sunana.

Abu ɗaya na tabbatar: sun samo bahago. Ba mai dama da zai fitar da kukan nan. Kuma tunda a Agadas manyan makaɗan jita suke, na yanke cewa daga can suka ɗauko shi. Ban taɓa ganinsa ba, amma na ƙera shi a raina tun daga rawani har takalmi. Dogo ne, siriri, mai dogayen yatsu. Yana zama a kan kujerata a zauren su Laminu, yana shan shayin farko, wanda ni ake zuba wa. 'Yan matan unguwarmu suna leƙensa ta katanga. Har muryarsa na san yadda take, a hankali yake magana don a ce yana da kunya. Na tsani mutumin nan fiye da dillali, fiye da kafili. Su fasfo da ƙarfina suka ci. Shi kuwa wurina ya zauna.

Na sa waƙar a wayata a ɓoye, ina saurara da abin kunne, ina farautar kuskure. Na rantse sai na kama shi. Ban samu ba. Abin da na samu ya fi kuskure ciwo: a ƙarshen kowane zagaye yana ɗan jan tsirkiyar ta yi wani lanƙwasa, kamar amalanken ya faɗa rami ya fito. Ni da na tashi a bayan amalanken, ban taɓa tunanin wannan ba. Ya fi nawa daɗi. Na san ya fi, kuma ba wanda zan faɗa wa.

Laminu ya yi ta kira, ban ɗauka ba. Ya turo saƙonnin murya, ban buɗe ba. Aka ce hoton bidiyon waƙar ya fito, na ce idona ba zai gani ba. In an tambaye ni a ɗaki sai in ce, "Hayaniya ce kawai, yara sun samu lasifika." Alhaji Sule ya gane ni sarai. Ya sa aka mayar masa da waƙar ƙarar wayarsa, kuma in an kira shi ba ya ɗauka sai ta kai ƙarshe.

"Badamagare, ka ji 'yan garinku sun yi abin kirki sau ɗaya. Ashe da kai ne ke hana su."

Na ce, "Alhaji, ka bari."

Ya dube ni ta saman tabarau. "Ka kira abokinka. Ciwon nan da kake kiwo, kai kaɗai yake ci."

Wata Juma'a da kowa ya fita, na jawo jar jitar daga ƙarƙashin gado. Na ce bari in nuna wa kaina waye mai kiɗan. Na danna tsirkiya, ta shige mini cikin nama kamar reza. Yatsun sun yi nauyi, sun saba da sitiyari da soso. Na yi ta fama har kan yatsuna ya yi ja, amalanke ya ƙi kuka. Na zauna a bakin gado da jitar da na bar gida dominta, ga shi ba zan iya kaɗa abin da wani baƙo ke kaɗawa a wayar kowa ba. A take na naɗe ta cikin bargon. Na ce mayar da ita zan yi, Rudi ya sayar wa wanda ya ga dama.

Rudi bai bar ni na buɗe baki ba. Yana ganina ya jawo ni da hannu, yana dariya, ya tura mini wayarsa gaban ido. Ya ce ya samo mini ɗan'uwana, wani majnun irina. Kafin in kau da kai bidiyon ya fara.

Ga mai ganga, ga mai jitar bas, na san su. Na zuba ido ina neman rawani. Babu. Mutum uku ne kawai. Tsohuwar jitarmu, da ɓallen fentinta, tana wuyan Laminu, a kife. Yana kaɗa ta da hagu. Ya ɗaure sangalin hannunsa da tsumma, daidai inda tabona yake.

Laminu, wanda ko cokali bai iya riƙewa da hagu ba.

Rudi yana ta bayani da Larabcinsa na kasuwa. Wai ka gani, wannan na-dama ne, dubi yadda kafaɗarsa ta sandare. Wai wahalar banza ya sha. Da ya kwance tsirkiyoyin ya juya su, siraran su koma sama, sai ya riƙe jitar da damansa yadda ya saba, kiɗan ya fito iri ɗaya. Aikin da bai kai shan kofin shayi ba. Wai mu mutanen ƙasarmu duk haka muke?

Aka kira la'asar, ya ja ƙofar shago. Na tsaya a matakalar bene da bargo a hammata na kira Laminu. Bugu ɗaya ya ɗauka.

"Haruna! Kai, Allah ya isa tsakanina da kai. Ka ji saƙonnina?"

Na ce, "Na ga bidiyo." Ban gaishe shi ba, ban yi masa murna ba. "Wa ya koya maka?"

"Wa zai koya mini? Hoton bikin nan da aka ɗauke ka a waya, shi na yi ta kallo. Tun watan da ka tafi nake yi. Hannun nan har ruwa ya yi."

"To kai wane irin mutum ne? Ba sai ka juya tsirkiyoyin ka kaɗa da damanka ba?"

Ya ce, "Na sani mana. Mutumin Yamai ma haka ya ce, har ya ɗauko makaɗin da zai gyara."

"Me ya hana?"

"In na juya ta, kai ka dawo ka kaɗa me?"

Na zauna a kan matakala. Mutane suna wucewa masallaci suna ratse ni. Na kalli yatsuna, sumul kamar na ma'aikacin banki. Na so in ce masa na gode, na so in ce masa ba ni da hannun da zan karɓi abin da yake ajiye mini. Abin da ya fito daga bakina shi ne, "Lanƙwasar nan ta ƙarshe, ba haka na yi ta ba."

Ya yi dariya. "Yatsana ne ke zamewa a wurin. Na kasa gyarawa, suka ce a bar shi."

Wato abin da ya hana ni sukuni wata da watanni zamewar yatsa ce. Kada wani ya ɗauka kishin ya tafi a nan. Bahagon Agadas ne kawai ya mutu, kuma na yi kewarsa, don shi ina da damar tsanarsa. Yanzu wanda ya fi ni abokina ne, da hannun da ba nasa ba, kuma bisa kuskure.

Ban mayar wa Rudi jitar ba. Bayan babbar salla Alhaji Sule ya samu takardar fita, idonsa ya gaji da zare, zai koma Kano gaba ɗaya. Kowa a ɗakin ya kawo saƙonsa, mai dabino, mai turare, mai jallabiya, kamar yadda ake yi wa duk mai tafiya gida. Ni na ajiye masa bargon a kan akwati.

Ya ɗaga gefe ya leƙa. Sannan ya ce, "Amaryar taka? Shekarunka fa ke nan a cikin bargon nan, Haruna." Ranar ce kaɗai ya kira ni da sunana.

Na ce, "Daga Kano motar Damagaram ba ta wuya. Hannu da hannu za ka ba Laminu."

"In ce masa me?"

"Ka ce ya kwance tsumman nan, yana ba mu kunya a duniya. Wannan ba ta gurje hannu."

Ya ɗaure bargon da igiya. Ni kuma na durƙusa na laluba ƙarƙashin gado, inda jitar ta tashi, na jawo guntun katakon nan nasa mai waya. Na danna, ta shige mini nama.

"Shi ke nan saƙon?" in ji Alhaji.

Na ce, "Da saura. Ka ce masa tsohuwar, kada ya taɓa mata tsirkiya."